Yadda Za Ka Bi Sawun Tsohon Layin Dogo Na Zariya Zuwa Jos

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Zariya zuwa Jos ta Soba da Dutsen Wai da Saminaka da Jengre, yana ratsa ƙasar da wani ƙaramin jirgin ƙasa ya yi shekara fiye da 40 yana kai da kawowa a cikinta. An fara aikin layin a 1911, ya isa Rahama a 1912, ya hau tudun Jos har Bukuru a 1914, aka kuma rufe shi a 1957. Ƙarafan sun tafi, amma aikin ƙasa ba ya saurin ɓacewa, domin cikon da aka yi a fadama da tsagin da aka yi a tudu da gindin gadar da aka gina da dutse sukan daɗe bayan an manta da waɗanda suka yi su. Abin da ke biye hanya ce ta nemo waɗannan alamomi da auna su da fahimtar dalilin da ya sa injiniyoyi suka bi nan suka bar can, kuma ɗalibi ko malamin makaranta ko duk mai sha'awar tarihin garinsu zai iya yi da kayan da ba su fi ƙarfin aljihunsa ba.

Ka fara da sanin abin da ya kawo layin

Kuza ce ta kawo shi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narka kuza suna sayar wa fatake, kuma labarin wannan sana'a ne ya jawo masu binciken ma'adinai na Kamfanin Neja zuwa tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900, inda suka kafa sansani a Tilden Fulani da Naraguta. Wahalarsu ba ta haƙa ba ce kawai, ta fitar da kayan ce. Da farko 'yan dako ne suke ɗaukar kuzar a ka har Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa, sannan a saka ta a jirgin ruwa. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa ƙasar Zazzau ya isa Kano a 1911, sai kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba a kan ta yi musu reshe daga wannan babban layi zuwa wuraren haƙa, aka zaɓi Zariya ta zama mahaɗa.

A takardun Turawa sunan layin Bauchi Light Railway, kuma da wannan suna za ka neme shi a kundin ajiya. Sunan yana ruɗa mutane da yawa, domin jirgin bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. A lokacin da aka gina shi tudun Jos yana cikin Lardin Bauchi ne, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Jirgin da ya isa Bauchi daga baya na wani layi ne dabam, wanda ya tashi daga Kuru, kudu da Jos, ya dangana da Maiduguri a 1964.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne faɗin layin. Tsakanin kwangiri da kwangiri ƙafa 2 da inci 6 ne, wato milimita 762, alhali babban layin Najeriya na lokacin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435. Tsawonsa daga Zariya zuwa Bukuru mil 143 ne, kimanin kilomita 230. Ƙanƙantar faɗin ita ce mabuɗin duk abin da za ka gani a ƙasa, domin siririn layi yana iya shan kwana mai tsanani, wanda kuwa ya iya shan kwana yana iya kewaye dutse maimakon fasa shi, ya bi gefen kwari maimakon ƙetare shi da doguwar gada. An zaɓi araha da sauri, kuma kuza kaya ce mai nauyi da tsada wadda ba ta cin wuri, saboda haka ƙananan taragai sun ishe ta.

Shirin da ake yi kafin a fita

Aikin takarda ya riga aikin ƙafa. Ka je Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, ka nemi fayil-fayil na Lardin Zazzau da na Bauchi da na Filato, da rahotannin shekara-shekara na gwamnatin Arewa daga 1911 zuwa 1914, da duk wata taswirar safiyo da aka buga kafin 1957. Ka lura cewa Turawa suna rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji, don haka Dutsen Wai kan zo da wani rubutu, Rahama ma haka, sai ka gwada rubutu iri-iri kafin ka yanke cewa babu. Idan ka sami taswirar, ka ɗauki hotonta, ka ɗora ta kusa da hoton tauraron ɗan'adam na wayarka, ka bi daga tasha zuwa tasha: Zariya, Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, Jos, Bukuru. Daga sama tsohon layin dogo yana da kamanni da ba ya ɓuya, domin zare ne siriri da yake tafiya miƙe sannan ya lanƙwasa a hankali, ba ya karyewa kwatsam kamar hanyar ƙafa ko iyakar gona, kuma sau da yawa jerin bishiyoyi ko bambancin launin ƙasa ne yake tona shi.

Lokacin fita shi ne bayan an gama girbi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kwashe kara kuma ciyawa ta kwanta. Da damina dawa da masara suna rufe komai, rafuka kuma ba su ƙetaruwa. Hazon hunturu yana hana hangen nesa, amma ranar safiya da ta la'asar, wadda take zuwa a karkace, tana fitar da inuwar ciko ko da tsayinsa bai wuce gwiwa ba.

Kada ka shiga gonar kowa ko dajin kowane gari sai ka fara gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san wurin. Wannan ladabi ne, kuma tsaro ne, domin akwai sassan wannan hanya da ba a shiga dajinsu sai da shawarar mutanen gari, idan kuwa suka ce kada a je, to, a bar wannan yanki sai wani lokaci. Kayan aikinka kaɗan ne: tef na awo, igiya mai tsawon mita 20, siririn tiyo mai nuna ruwa irin wanda magina suke daidaita gini da shi, turaku 3, littafi da alƙalami, da waya mai nuna wuri da tsayin ƙasa.

Ka yi tunani irin na kan jirgi

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma wanda ya fahimce shi zai iya hasashen inda layin ya bi tun kafin ya ga alama. Ƙafar ƙarfe a kan kwangirin ƙarfe tana gangarawa cikin sauƙi ƙwarai, abin da ya sa jirgi yake jan kaya masu yawa ke nan, amma wannan santsi shi ne kuma rauninsa a wurin hawa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kowane tan na kaya yana buƙatar jan da bai wuce kilo 3 ko 4 ba. Idan layin yana hawa mita 1 a cikin kowace mita 100, sai a ƙara kilo 10 a kan kowane tan, idan kuma mita 1 ce a cikin 50, a ƙara kilo 20. Shi kuwa kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce kimanin kashi 1 cikin 5 na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu tuƙi, in ya wuce haka sai ƙafafun su riƙa juyawa a wuri ɗaya. Mu ɗauki misalin inji mai tan 20 a kan waɗannan ƙafafu: ƙarfin jansa kilo 4,000 ne. A fili zai iya motsa kusan tan 1,000, amma a hawan 1 cikin 50 abin da zai iya bai fi kimanin tan 170 ba, har da nauyin kansa. Raɓa ko ruwan sama suna ƙara rage wannan riƙo, shi ya sa injinan tururi suke ɗauke da akwatin yashi da ake zubawa a gaban ƙafafu.

Yanzu ka duba ƙasar. Zariya tana kan tsayin kimanin mita 650 daga teku, Jos kuwa kimanin mita 1,200. Da a ce wannan bambanci na mita 550 ya bazu daidai a tsawon hanyar, da hawan bai kai a ji shi ba. Amma ƙasar ba haka take ba, domin filin Zazzau yana tashi a hankali, sannan hawan ya taru a ƙarshen tafiya, wajen da aka tunkari tudun. Injiniya ba shi da ikon rage tsayin tsauni, abin da yake da iko a kai shi ne tsawon hanya, don haka idan zai hau mita 300 a kan hawan 1 cikin 50 dole ya samo kilomita 15 na layi, ko da tazarar da tsuntsu zai yi ba ta kai rabin haka ba. Idan ka ga sawun ya juya baya ga inda ya dosa, ya shiga cikin kwari ya fito ta ɗaya gefen, tsawo ake saye da wannan kewaye don a sassauta hawa.

Akwai kuma wani abu da ya sauƙaƙa wa masu layin: kaya mafi nauyi, wato buhunan kuza, gangarowa suke yi daga tudu zuwa Zariya, don haka a wannan ɓangare aikin birki ya fi na tukunya. Masu hawa su ne injinan haƙa da kayan gini da hatsi da leburori, kuma su ne suke gwada ƙarfin jirgin.

Alamomin da za ka nema a ƙasa

Daga Zariya zuwa Rahama aikin ya fi sauƙi, shi ya sa aka gama shi da wuri. A nan abokin gabar injiniya ruwa ne. Layin dole ya ƙetare kogin Galma da rafuka masu yawa da suke bushewa da rani su cika su batse da damina, su kuwa duwatsu irin na Dutsen Wai da Kudaru tsayayyu ne a tsakiyar fili, ana kewaye su. Saboda haka a wannan sashe ka fi mai da hankali ga bakin rafi. Ka nemi ginin dutse ko na kankare a gaɓa biyu masu fuskantar juna, ka auna tazarar da ke tsakaninsu da tsayinsu daga gindin rafin, domin wannan tsayi yana gaya maka iyakar ambaliyar da maginan suka yi tsammani. Daga bayan kowane gindin gada za ka ga ciko ya miƙe ya shiga fadama, kuma a gefensa sau da yawa akwai jerin ramuka marasa zurfi inda aka ɗebi ƙasar cikon, waɗanda yanzu suke tara ruwa da damina.

Cikon layin dogo ya bambanta da kunya ko shingen gona ta hanya uku: samansa a baje yake, faɗinsa ba ya canjawa, kuma tsayinsa yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yadda ƙasar da ke ƙarƙashinsa take faɗawa ko tashi, saboda saman yana riƙe da hawa guda. Tsagi kuwa kishiyarsa ne, wato rami mai tsawo da aka yanka a cikin tudu don layin ya wuce, kuma inda aka fasa dutse da nakiya wani lokaci ana ganin rabin ramin da aka huda a jikin dutsen. Injiniya mai tattali yana ƙoƙarin ƙasar da ya fitar daga tsagi ta zama ita ce cikon da ke gaba, don haka in ka sami ɗaya, ka nemi ɗayan kusa.

Daga Jengre zuwa Jos ne awo yake da daɗi, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan kwanakinka. Don auna hawa, ka cika tiyo da ruwa, ka kafa turaku 2 a tsakiyar sawun da tazarar mita 10, ka riƙe bakin tiyon a jikin kowane turke, ka auna daga saman ruwan zuwa ƙasa a kowane gefe. Idan bambancin santimita 20 ne, hawan 1 cikin 50 ke nan, idan santimita 10 ne, 1 cikin 100. Awo ɗaya ba ya isa, domin shekara kusan 70 na zaizayar ruwa da garma sun taɓa saman, sai ka maimaita a wurare 10 a jere ka ɗauki matsakaici. Tsayin da waya take nunawa yana da kuskuren mitoci da dama, don haka amfaninsa a kan dogon zango ne kawai, kamar kilomita 2 ko 3.

Don auna kwana, ka kafa turaku 2 a tsakiyar sawun, ka ja igiyar mita 20 a tsakaninsu ta miƙe sosai, sannan daga tsakiyar igiyar ka auna zuwa tsakiyar sawun. Ka raba 50 da abin da ka samu a mita, amsar ita ce rabin faɗin da'irar da kwanar take bi. Idan ka sami rabin mita, da'irar tana da rabin faɗi na mita 100, kwana ce mai tsanani. Idan santimita 25 ne, mita 200 ke nan. Ka rubuta kowane awo tare da wurinsa, domin idan ka jera su za ka ga yadda kwanoni suke ƙara matsewa yayin da ƙasa take ƙara tsauri.

Wurin tasha yana da nasa alamu: fili mai faɗi a baje inda layi ya rabu biyu don jirage su wuce juna, gindin tankin ruwa, rijiya ko madatsa a kusa, da baƙar ƙasa mai gauraye da tokar kwal. Injin tururi ba ya tafiya mai nisa ba tare da ya sha ruwa ba, saboda haka samuwar ruwa da rani tana cikin abin da ya sa aka ajiye tasha a wani wuri aka tsallake wani. Sunan unguwa ma shaida ne, duk inda ka ji ana cewa Tasha ko Layi ko Bakin Dogo a garin da ba shi da jirgi a yau, ka tsaya ka yi tambaya.

Ka zauna da dattawa

Wanda yake da shekara 10 a lokacin da aka rufe layin yanzu ya doshi 80, don haka wannan sashe ba ya jira. Ka je da goro, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ina so ka nuna mini inda jirgi yake tsayawa," maimakon ka tambaye shi shekara ko adadi, domin ƙafa tana tuna abin da baki ya manta, kuma dattijo da ya tsaya a wurin yakan tuno har da inda mata suke sayar da abinci. Ka tambayi tsofaffin mata su ma, su ne suka fi sanin abin da ake saye da sayarwa a tasha. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya.

Akwai tambayar da nake ganin bai halatta a tsallake ta ba, ita ce ta waɗanda suka yi aikin diga. Layukan dogo na Arewa a wancan zamani da hannu aka yi su, da diga da shebur da kwando a ka, kuma yawancin leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su bisa umarnin gwamnati, ba don sun zaɓa ba. Haka kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya, inda Turawan Ingila suke samun kuza, a 1942, an tilasta wa dubban talakawa zuwa haƙar kuza a tudun Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Kowane ciko da za ka auna, kwando-kwando aka tara shi. Idan wani gida yana riƙe da labarin kakansu da aka ɗiba, ka rubuta shi da kulawar da ka ba awon gada, ko fiye.

Ka kwatanta da layin da ya gaje shi

Ba za ka gane dalilin mutuwar ƙaramin layin ba sai ka ga wanda ya karɓe masa aiki. Rauninsa yana Zariya, inda faɗin layi biyu ya bambanta, ta yadda kowane buhu da kowane ƙarfen inji sai an sauke shi daga tarago an ɗora a wani, abin da ke cin lokaci da kuɗi, ga kuma manyan injinan haƙa da suka fi ƙarfin ƙananan taragai. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu ya aiko da reshe daga Kafanchan ya hau tudun ta kudu maso yamma, ya bi ta Kuru da Bukuru ya shiga Jos da faɗin ƙafa 3 da inci 6, aka kuma mai da sashen Jos zuwa Bukuru wannan faɗi. Daga nan kwal ɗin Inugu yana isowa wuraren haƙa kai tsaye, kuza kuma tana sauka tashar jiragen ruwa ba tare da sauyin tarago ba. Ƙaramin layin ya ci gaba da ɗaukar fasinja da amfanin gona na shekara 30, har motoci suka ƙwace sauran abin da ya rage masa.

Layin Kafanchan yana nan da kwangirinsa, kuma hawan da yake yi daga gindin tsaunukan Kagoro zuwa saman tudu yana nuna yadda babban layi yake warware irin wannan matsala da tsagi mai zurfi da ciko mai tsayi da kwana mai faɗi. Ka kalle shi daga gefe, kada ka hau kan layin ko gadojinsa, kuma idan kana son yin awo ka nemi izinin ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa.

Zangon ƙarshe shi ne Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka ajiye kan jirgi da taragai na wannan layi. Ka roƙi ma'aikatan su bar ka ka sa tef ɗinka tsakanin ƙafafun injin, ka ƙirga ƙafafun da sanda ta haɗa, waɗanda su ne masu tuƙi, ka duba akwatin yashi da wurin zuba kwal da ruwa, sannan ka buɗe littafinka ka kwatanta girman abin da ke gabanka da hawan da ka auna a bayan Jengre. Duk ƙarfe ko ƙusa ko dutsen alama da ka tarar a daji, ka ɗauki hotonsa ka rubuta wurinsa ka bar shi inda yake. Idan ka kammala, ka yi kwafi 3 na awonka da hotunanka da hirarrakinka, ka kai ɗaya gidan tarihin, ɗaya sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da kai a Zariya ko Jos, ɗaya kuma ka mayar wa hakimin garin da ya ba ka ɗan rakiya.